Yadda Za Ka Koyar da Darasin Kogi da Sauyin Yanayi, Daga Rafin Bayan Makaranta Har Tafkin Chadi

In aka zo maganar sauyin yanayi, yawancin littattafan da ke hannun ɗalibanmu hoton dutsen ƙanƙara mai narkewa a ƙarshen duniya suke nunawa. Yaron da ya tashi a Ringim ko Gashuwa ko Maraɗi kuwa, ƙanƙarar da ya fi sani ita ce ta cikin zoɓo. Amma ya san kogi. Ya san watan da yake cika har a daina tsallaka shi da ƙafa, ya san lokacin da yake komawa yashi tifofi su riƙa shiga cikinsa, wataƙila ma ya taɓa kwana a aji saboda ruwa ya ci gidansu. To daga nan ya kamata darasi ya tashi.

Tsarin nan ya dace da 'yan aji 5 da 6 na firamare har zuwa ƙaramar sakandare. A fara shi da bazara, kafin ruwan farko, a bi shi har kaka. Abin da ake nema a ƙarshe guda ne: ɗalibi ya dubi kogin garinsu ya iya rarrabe abin da sama ta jawo da abin da hannun mutum ya jawo.

Da farko, Malam, san koginka

Kafin ka shiga aji, nemo amsar tambaya uku: daga ina ruwan nan yake zuwa, ina yake tafiya, kuma me aka gina a kansa. In kana ƙasar Kano ko Jigawa, labarin ga shi. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma yana ratsa dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, daga wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe. Yobe ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta gefen Diffa ya faɗa Tafkin Chadi. A kan Kogin Kano akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, a kan Challawa akwai madatsar da ke Ƙaraye ta 1992.

In kana yamma, Kogin Sakkwato ne naka. Yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya wuce Gusau da madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya shiga Kogin Neja. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fita, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Najeriya ya zuba a Rima.

Akwai wani abu da ke kama hankalin yara nan take. Ruwan da ya sauka a Zariya yana bin Galma zuwa Kogin Kaduna, ya shiga Neja, ya wuce Lokoja, ya ƙare a teku. Wanda ya sauka a birnin Kano kuwa ba zai taɓa ganin teku ta hanyar kogi ba, gabas yake nufa. Tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota tsakanin garuruwan biyu. Ka ajiye wannan a matsayin tambayar buɗe darasi, kada ka ba da amsar sai an yi mataki na biyu.

Na biyu: ku gina kogi a filin makaranta

Ba a buƙatar komai sai ƙasa, shebur ko fartanya, da gwangwanin da aka huda wa gindi da ƙusa don ya yi yayyafi. Yara su tara ƙasa su yi tudu biyu da kwari a tsakani, faɗin wurin kamar tabarma biyu. Kafin a zuba ruwa, kowane rukuni ya kafa tsinke a inda yake zaton ruwan zai bi. Sannan a yi yayyafi a hankali.

Za su ga ƙananan hanyoyi suna haɗuwa su zama babba, su ga ruwan da ya faɗa wannan gefen tudu ya yi gabas, na wancan gefen ya yi yamma. Amsar Kano da Zariya ke nan, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Daga nan a fara wasa da shi. Wani ya sa ɓallen bulo ya tare hanyar, a ga yadda ruwa ke taruwa a sama, ƙasa kuma ta bushe. Wani ya jera kwalayen ashana a cikin kwarin a matsayin gidaje. A zuba gwangwani guda a hankali cikin minti biyar, sannan a gyara wurin a zuba gwangwani guda ɗin nan gaba ɗaya cikin daƙiƙa goma. Ruwan daidai yake, ɓarnar ce ta bambanta. Ka sa su rubuta wannan da hannunsu, domin shi ne ginshiƙin abin da zai zo a gaba.

Gwajin zaizaya shi ma nan ne wurinsa. A yanka gorar roba uku a tsaye, a cika su da ƙasa iri ɗaya, a kwantar da su a ɗan karkace. Ɗaya a bar ta tsirara, ɗaya a rufe da busasshen ganye da karmami, ɗaya a sa mata ƙasa mai ciyawa da saiwarta. A zuba ruwa daidai wa daida, a tari abin da ya fito a kofi. Kofin farko jawur zai fito.

Na uku: ma'aunin ruwan sama

Wannan ne matakin da na fi so a ba wa muhimmanci, don shi ke mayar da yara masu aunawa maimakon masu haddacewa.

A sami gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, wadda ba ta da ƙugu a tsakiya. A yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari. A zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, a zuba ruwa har ya rufe tsakuwar ya kai inda jikin gorar ya miƙe, a ja layi a nan da maka: shi ne sifili. A manna rula daga wannan layin zuwa sama. A kafa ta a fili, nesa da bishiya da indararo, a ɗan ɗaga ta sama inda awaki ba za su kai ba.

Kullum da ƙarfe 8 na safe ɗalibai biyu su duba, su rubuta milimita nawa ya ƙaru, su zubar a dawo da ruwan kan layin sifili. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, kada a bar gurbin fanko, domin ranakun da ba a yi ruwa ba su ma labari ne. Manomi ya fi kowa sanin abin da kwana 15 babu ruwa bayan shuka yake nufi.

Sai a shigo da lissafi. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. In rufin ajinku mita 8 ne da mita 7, murabba'in mita 56 ke nan. Ruwan dare ɗaya mai milimita 30 zai sauke lita 1,680 a kan rufin nan kaɗai, wato jarka mai lita 25 har 67 da ɗoriya. Yaron da ke ɗebo ruwa kafin ya zo makaranta ba zai manta wannan lissafin ba. Daga nan ka tambaye su: rufin unguwa gaba ɗaya fa, in ƙasar duk an shafe ta da siminti, ina ruwan zai je?

Matsala ɗaya ce, kuma gara a shirya mata tun wuri. A Najeriya watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, a cikin dogon hutu yake faɗawa. A ɗora wa ɗalibai biyu ko uku da ke kusa da makaranta aikin, a gaya wa maigadi ya san da zuwansu, ko kuma a kafa gora ta biyu a gidan malami. Littafin da babu Agusta a cikinsa rabin littafi ne.

A nan ne za ka bayyana musu cewa abin da suka auna a damina ɗaya bai isa a ce yanayi ya sauya ba. Masana sai sun jera shekara 30 kafin su ce ga yadda yanayin wuri yake. Damina guda mai yawan ruwa ko mai ƙaranci ba hujja ba ce.

Na huɗu: a tura su wurin tsofaffi

Makaranta ba ta da bayanan shekara 30, amma gari yana da su a kan mutane. Da tsohuwar zuma ake magani. Kowane ɗalibi ya sami dattijo ko dattijuwa, musamman masunta, masu fito, manoman fadama da makiyaya. Ka koya musu yadda za su shiga: sallama, durƙusawa, gaisuwa, sannan, "Baba, Malam ne ya aiko mu, muna so ka ba mu labarin kogin nan lokacin kuna yara." In Sarkin Ruwa za a je wa, a tafi da malami, kuma a aika masa tun kafin ranar.

Tambayoyin su zama na abin da ido ya gani. Ina ruwa yake kaiwa in ya cika? Wane wata yake janyewa? Wane kifi ake kamawa da wanda yanzu ba a ganinsa? Gaba nawa ake haƙa rijiya kafin a tarar da ruwa? Yaushe shamuwa take zuwa, kuma kwana nawa ake yi bayanta kafin a yi shuka? Kada a tambayi dattijo ko yanayi ya sauya, zai ce ya sauya, hira ta mutu.

Tsofaffi ba sa faɗin shekara da lamba. Za su ce shekarar fari, ko lokacin sarki wane, ko kafin a yi dam. Aikinka ne ka mayar da waɗannan zuwa shekaru a kan allo. Ka ja dogon layi ka sa farin 1973 da na 1984, waɗanda suka halaka dabbobi da amfanin gona a faɗin Sahel. Ka sa shekarar da aka gina madatsar yankinku. Ka sa ambaliyar 2012, da ta 2022 wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Yara su liƙa labaran da suka samo a kan layin.

Wani lokaci labarin dattijo biyu zai saɓa. Kada ka gyara, ka bar aji ya yi muhawara a kai: wa ya fi kusa da kogin, wa ya gani da ido, wa ya ji a bakin wani.

Na biyar: zuwa bakin kogi

Gani ya kori ji, amma a nan ne ake iya asarar rai, don haka ba a sassauci. A je da rani ko ƙarshen kaka, ba a tsakiyar damina ba. Korama tana iya tasowa da ruwan da aka yi a wani gari alhali samanku garau take. A sami izinin iyaye a rubuce, a sanar da shugaban makaranta da mai unguwa, a tabbatar hanyar tana da tsaro. Babba ɗaya ga yara 10, kuma a tafi da wani ɗan gari da ya iya ruwa ya kuma san inda masu yashi suka bar ramuka. Ba wanka, ba shiga ruwan da ke kwance, saboda tsargiya a irinsa ake ɗaukarta. A ƙirga yara a tafiya, a ƙirga su a dawowa.

In rafin ƙarami ne mai gudu, a auna shi. A auna mita 10 a gefen gaɓa, a jefa totuwar masara, a ƙirga daƙiƙa nawa ta yi. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. In ta yi daƙiƙa 20, gudun ruwan rabin mita ne a daƙiƙa. Babba ya auna faɗi da zurfi da sanda. Faɗi mita 3, zurfi mita 0.2, gudu 0.5: in aka ninka su za a sami 0.3, wato lita 300 a kowace daƙiƙa. Ruwan da ke saman rafi ya fi na ƙasa gudu, saboda haka a rage kashi ɗaya cikin biyar, ya dawo wajen 240.

Sauran aikin na ido ne. Su nemi alamar inda ruwa ya kai bara: ledoji da yayi da suka maƙale a rassan bishiya, ko layin laka a jikin gada. Su ƙirga injinan ban ruwa, su duba gaɓar da ta zabge, su lura da gidan da aka gina a ƙasan wannan alamar.

Na shida: yanzu ne za a kawo maganar ɗumamar duniya

Sai yanzu, bayan sun auna sun kuma ji daga bakin kakanninsu. Bayanin gajere ne. Rana tana ɗumama ƙasa, ƙasa tana mayar da zafin sama, wasu iskoki a sararin sama suna riƙe wani ɓangare nasa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki da hunturu. Babbar cikin waɗanda mutane ke ƙarawa ita ce kabon dayoksaid, wadda ke fita in an ƙona fetur, gas, kwal ko itace. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iska, yau ta haura 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma 2024 ta zarce duk shekarun da aka auna kafinta.

Abin da ya haɗa wannan da kogi abu biyu ne. Zafi yana ƙara saurin ƙafewar ruwa. A zuba ruwa daidai a faranti biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, a auna bayan kwana biyu. Na biyu, iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi, kusan kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya, saboda haka in ta tashi saukewa da ƙarfi take saukewa. A Sahel ruwan sama ya ɗan farfaɗo bayan farin shekarun 1970 da 1980, amma ya fi zuwa da manyan hadura masu zubarwa lokaci guda. Ka tuna musu gwangwanin daƙiƙa goma.

Wani zai ɗaga hannu ya ce ruwa na Allah ne. Kada ka yi gardama da shi, gaskiya ya faɗa. Ka tambaye shi wa ya zuba shara a kwalbatin bakin kasuwa. Sannan kada ka bar yaro ya koma gida yana ganin murhun uwarsa ne ya ɗumama duniya. Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba. Sare bishiyoyin gaɓa yana cutar koginmu kai tsaye, wannan ita ce hujjar da ta fi kusa da shi.

Na bakwai: zaman shari'a

Ruwa ba ya tsami banza. A raba allo gida uku: abin da yanayi ya jawo, abin da mutane suka jawo, da abin da suka haɗu a kai. A ba kowane rukuni ƙara guda ya kawo hujja.

Ƙara ta farko Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100. Tafki ne marar zurfi, kuma mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa ta kudu, rabon Yobe kaɗan ne. Fari ne babban dalilin janyewarsa, har a 1973 ya rabu gida biyu, arewa da kudu. Ɗiban ruwa don noman rani ya ƙara nasa. Ka kuma gaya musu abin da ba a cika faɗa ba: tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ya ma ɗan dawo, yana cika yana janyewa gwargwadon damina. Malamin da ya ce wa yara tafkin na gab da ɓacewa ya ba su tsohon labari.

Ƙara ta biyu kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsiro a cikin ruwa, a dausayin Haɗeja da Nguru. A da kogin yana cika da damina ya malale fadamu, da rani hanyoyinsa su bushe. Da aka yi Tiga da Challawa, malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Kachalla ta sami abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka rasa ruwa, janbaki ya sami maɓoya yana cin shinkafar mutane. Rukunin da ya ce wannan sauyin yanayi ne ya yi kuskure. Amma a bar wani rukuni ya kare madatsun: su ke ba birnin Kano ruwan sha, su ke riƙe noman rani na Kadawa.

Ƙara ta uku Maiduguri, 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. An taɓa irin haka a 1994. Wannan ta gida na uku ce, kuma a nan muhawara ta fi zafi: nawa ne na sama, nawa ne na gyaran madatsa, nawa ne na gini a kan hanyar ruwa. In akwai ɗalibin da abin ya shafa a ajin, ka yi masa magana shi kaɗai tun kafin ranar, kada ka tilasta masa ba da labari.

Ƙara ta huɗu ita ce ta garinku, kuma ɗalibai ne za su shigar da ita da abin da suka samo.

Aikin hannu da jarrabawa

A zaɓi aiki ɗaya da za a iya gamawa. Yashe magudanar gaban makaranta kafin ruwan farko, da safar hannu da takalmi. Ko dasa bishiya 10 da sunan mai kula da kowace da kejin kare ta daga awaki, wanda ya fi dasa 200 ranar biki a bar su su bushe. Ko zana taswirar unguwa da ke nuna inda ruwa ke taruwa da tudun da za a gudu in ya zo, a kai wa mai unguwa kwafinta. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma tana fitar da na ambaliya. A nemo abin da suka ce game da jiharku a liƙa a bango, in kaka ta yi a gwada shi da littafin gorarku.

Wajen jarrabawa, ka rage tambayar "mene ne". Ba su jadawalin ruwan wata biyu masu jimla ɗaya, ɗaya ya sauka cikin kwana 12 ɗaya cikin kwana 3, su faɗi wanne ne zai fi kawo ambaliya da dalili. Ba su labarin garin da koginsa ya ƙafe shekara biyu bayan an yi madatsa a samansa, su rubuta tambaya uku da za su yi kafin su yanke hukunci. Littafin ruwan sama kuwa, a rubuta shekara da sunan aji a bangonsa, a kai ofishin shugaban makaranta, ajin da ke biye ya ci gaba daga shafin da aka tsaya.